Ina kuɗin wuta da na gas suke zurarewa? Lissafi mai sauƙi ga mazauna Sabo da Shasha

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin kowane gida ya canza. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan sassauto. Gas da gawayi su ma ba su tsaya a baya ba.

Mu da muke zaune a Ibadan, daga Sabo da Mokola har Ojoo da Shasha, abin ya fi matsa mana ta fuska biyu. Yawancinmu haya muke a gidan yawa, ɗaki goma mita ɗaya. Sannan duk nairar da ta tafi a kati ko a jarkar mai, daga cikin abin da za a aika gida Arewa aka cire ta. Na sha ganin maƙwabta sun daina gaisawa saboda kati ya ƙare kafin rabin wata, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Sau da yawa kuma wanda ake zargin ba shi ne ya shanye wutar ba. Shi ya sa nake ganin matakin farko na tsimi shi ne mutum ya san abin da ke cin wutar tukuna.

Yadda ake lissafin yunit

Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa ko a bayansa, da harafin W a gefe. Wannan shi ne wat, ƙarfin wutar da yake ja. Ka ninka lambar da yawan awannin da yake a kunne, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da ya sha. Shi ke nan, babu wani sirri a ciki.

Don sauƙin lissafi mu ɗauka yunit ɗaya naira 200 ne. Idan layinka na IBEDC ba Band A ba ne kuɗinka bai kai haka ba, sai ka duba rasit ɗinka ka sa naka farashin.

Cajar waya ba ta cika wuce wat 10 ba. Awa biyu kullum, wata guda bai wuce naira 120 ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan ya kwana awa 10 a kunne, a wata ya sha yunit 18, naira 3,600 ke nan. Ƙwan LED mai wat 9 zai ba ka kusan irin wannan hasken da naira 540. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa, mai wat 1,500, rabin awa kacal a rana, a wata ta lashe naira 4,500. Rishon lantarki mai irin wannan ƙarfin, awa biyu kullum, naira 18,000.

Ka ga abin da lissafin ya nuna. Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne ko sanyayawa, shi ne sarkin ci: hita, dutsen guga, rishon lantarki, firiza, na'urar sanyaya ɗaki. Wutar da hita ke sha a rabin awa za ta riƙe ƙwan LED sama da awa 80. To, maigidan da ke yi wa yara tsawa kan cajin waya, alhali ana dafa ruwan wanka da hita kullum safe, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin yi a ɗaki

Canza ƙwan fitila shi ne mafi sauƙi, kuma kafin wata ɗaya zuwa biyu ya mayar maka da kuɗinsa. Fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, na ƙofar gida da na tsakar gida.

Guga a tara ta, a yi ta sau ɗaya a mako. Kullum ka kunna dutse don riga ɗaya, sai ka biya kuɗin ɗumama shi daga farko. Idan ka kusa gamawa ka cire shi daga soket, sauran zafin ya isa hankici da ƙananan kaya.

Ruwan wanka fa? Ibadan ba Jos ba ce. In ban da 'yan makonnin hunturu da sassafen damina, baƙar jarka a rana ta wadatar. Idan dole sai an dafa, a dafa kaɗan ya tafasa a sirka.

Masu firiza, musamman matan da ke sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, ku kula da abu huɗu. Kada a sa abu da zafinsa, a bari ya huce. A janye firizar daga bango kamar tafin hannu, a kuma raba ta da rana da wajen murhu. A duba robar bakin ƙofa: sa takarda ki rufe, idan ta zare ba tare da tirjiya ba, sanyi na fita, injin kuma ba zai huta ba. Sannan cikakkiyar firiza ta fi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, don haka a cike gurbin da robobin ruwa.

A madafa kuɗin ya fi tafiya

A gidaje da yawa abin da ake kashewa a gas da gawayi ya fi na kati. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ruwa idan ya tafasa zafinsa ba ya wuce digiri 100, komai wutar da ka ƙara masa. Ƙarin wutar tururi kawai yake zama ya tashi. Saboda haka da zarar tukunya ta tafasa, a rage wuta, a rufe da murfin da ya zauna daidai. Abincin zai nuna a lokacinsa, gas ɗin kuma ya ƙara kwanaki.

Wake a jiƙa shi tun dare, ya fi saurin nuna. A gama yanka albasa da jajjage kafin a kunna wuta. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya koma ja ko ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, kan rishon ya toshe, a wanke shi. Kada kuma harshen ya fi gindin tukunya faɗi, wanda ya fito gefe iska yake dafawa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Shinkafa idan ta tafasa kamar minti biyar, a sauke ta a rufe, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa a kwando. Bayan kamar minti 40 za a tarar ta nuna da zafinta. Masu shayi su ma fulas babba ya fi musu barin butar kan wuta tun asuba har hantsi. Mai gawayi kuwa, in an gama girki a juye garwashin a tsohuwar tukunya a rufe, zai mutu da kansa, gobe a ƙara da shi.

Mu da kayan gwari ke hannunmu a Shasha muna da wata dama. Lokacin da motocin tumatir suka yi yawa daga Arewa farashi ya faɗi, a yanka a shanya a yi kauɗa, tattasai da attaruhu ma haka. Rana ba ta karɓar kuɗi. Sai dai a yi shi tsakanin Disamba da Fabrairu, don laimar Ibadan a damina ruɓar da shi za ta yi. Haka ma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Da busasshiyar iska take aiki, don haka a nan Kudu da hunturu ne za ka ga amfaninta sosai.

Janareta

Janareta yana shan mai ko da ƙwai ɗaya ka jona masa. Gara a sa masa lokaci: awa biyu ko uku da dare, a yi caji, a ja ruwa, firiza ta ɗauki sanyi, a kashe. Sauran daren fitilar sola da fanka mai caji su ƙarasa. Canjin baƙin mai da wanke filogi a kan kari suna rage shan mai.

Amma don Allah, tsoron ɓarawo kada ya sa a shigar da shi ɗaki ko lungun da ake kwana. A hayaƙinsa akwai iska mai guba da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake. A waje za a ajiye shi, nesa da taga.

Gidan yawa, mita ɗaya

Raba kuɗin kati ɗaki-ɗaki daidai wa daida shi ke kawo faɗa, domin mai fanka da ƙwai ɗaya yana biya wa mai firiza biyu. Shawarata, a zauna da mai gida da duk 'yan haya, a rubuta kayan wutar kowane ɗaki da wat ɗinsu, a raba kuɗin bisa wannan lissafin. Inda hali ya yi, kowane ɗaki ya sa ƙaramar mita tasa, kowa ya ga abin da ya sha da idonsa. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin da yawa muna zaune ne gida ɗaya da maƙwabtanmu Yarabawa, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Shasha a Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar magana ke zama babba.

Jona waya ta bayan mita kuwa ba tsimi ba ne. Laifi ne a doka, kuma hanya ce ta gobara a unguwar da gidaje ke manne da juna.

A wannan makon ka ɗauki biro da takarda, ka zagaya ɗakinka ka rubuta wat ɗin kowane abu. Ka duba lambar mitarka yau, ka gyara abu biyu mafi ci, bayan kwana bakwai ka sake dubawa. Wanda ya gwada ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya gani. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke nema.