Sauro, Maharin da Ba Ya Jiran Sulhu

A ƙissar da malamai ke bayarwa, Namarudu, sarkin da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, ba runduna ce ta ga bayansa ba. Sauro ne ya bi ta hancinsa ya tare a ƙwaƙwalwa, har ya riƙa sa fadawa su bubbuga masa kai ko ya samu sa'ida. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba kowane sauro ke kawo zazzaɓin maleriya ba. Jinsin Anofilis ne, shi ma macen kaɗai, don namijin ruwan furanni yake sha. Ita jini take nema domin ƙwayayenta su ƙosa. Ko a bango ana gane ta: kai ƙasa, gindi sama. Da dare take fita, numfashin mai barci da warin jikinsa su yi mata jagora. Kafin ta zuƙi jini sai ta zuba miyau, ta nan ƙwayar cutar ke shiga, ta sauka a hanta, ta hayayyafa, sannan ta auka wa jini. Ruwan da ya kwanta a sawun saniya ya ishe ta wurin saka ƙwai, cikin kwana goma zuwa mako biyu kuma sababbin sauro sun tashi.

Katanga, gidan sauro da asibiti su ne garkuwar mutum, su ne kuma yaƙi ke fara raba shi da su. Wanda ya tsere tsakar dare ba ya tsayawa kwance gidan sauro. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, jama'ar ƙauyukan Borno suka kwarara Maiduguri, Monguno da Dikwa, suka cunkushe a bukkokin leda. An gudu ba a tsira ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gano kusan kashi biyu cikin uku na cibiyoyin lafiyar jihar sun rushe ko sun lalace. Yaron da yunwa ta riga ta raunana, zazzaɓi yakan kayar da shi cikin kwanaki.

Rigakafi ya fi magani. A daminar 2017 ma'aikatan allurar shan inna suka bi gida-gida da sansani-sansani, suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya wata-wata, fiye da yaro miliyan ɗaya. Dabarar ta dace da halin sauro: da damina yake ƙarfi, a nan ake tare shi.

Sai dai magani iyakarsa inda hanya ta buɗe. Garin da motar asibiti ba ta shiga sai da rakiyar soja, sauro kam da fikafikansa yake zuwa, ba shingen da ke tsayar da shi. Duk damina da aka yi ba tare da zaman lafiya ba, ribarsa ce, yara da masu juna biyu ne ke biya.