Zoben azurfa mai dutse: duba kafin ka biya

Ranar Juma'a ko ranar salla, dubi hannuwan maza a masallaci. Za ka ga da yawa da zobe, wani fari sumul, wani da jan dutse bisa kai. Zoben namiji a ƙasarmu na azurfa ne, don addini ya hana ma namiji sa zinariya, ya bar ma mata ita. Annabi (SAW) kansa zoben azurfa ya sa. Malaman Malikiyya sun ce kada nauyinsa ya wuce dirhami 2, wato kamar giram 6.

Jan dutsen nan, Larabawa na ce mashi aƙiƙ. Ya sha tafiya kafin ya iso yatsanka. Tun da daɗewa ana sassaƙa shi a garin Kambay, ƙasar Indiya, alhazai da fatake su sayo shi a Makka. Tsakanin 1800 da 1900 wani gari na Jamus, Idar-Oberstein, ya shiga cinikinsa a Afirka. Su kuma daga Birazil ake kawo masu dutsen, su rina shi, su goge, su aiko Afirka. Ita ma azurfar baƙuwa ce. Maƙeran Agadas na da suna narka tsohon kuɗin Turawa mai hoton wata sarauniya, wanda aka rubuta ma 1780.

Yau kasuwa ta cika da zobba da sarƙoƙi na zamani daga Dubai da Sin. Samari na son su, kuma wasu na da kyau ƙwarai. Amma cikinsu akwai farin ƙarfe da aka shafa ma ruwan azurfa, akwai kwalba da roba da ake kira dutse. Nan ne talaka ke asarar kuɗin guminsa.

To, ga inda karatunka zai yi maka rana. Juya zoben, dubi cikinsa. In ka ga 925, ma'anarsa cikin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce. Sauran 75 yawanci jan ƙarfe ne, don azurfa zalla ta cika taushi, lanƙwashewa take. Sai dai kada ka dogara ga lamba kaɗai. Macuci ma ya iya buga 925. Kuma maƙeranmu da yawa ba su sa lamba, alhali aikinsu na gaskiya ne.

Saboda haka nemi mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar rediyo, ka kara ma zoben. In ya manne, ba azurfa ba ce, aje shi. In bai manne ba, da sauran bincike, don tagulla ma ba ta mannewa. Ita tagulla yatsa ke tona asirinta: bayan ƴan kwanaki sai ka ga tsanwa a fata. Azurfa kuwa baƙi take yi in ta daɗe, ka goge ta da toka mai laushi ta koma fes.

Dutsen fa? Ɗora shi bisa kumatunka. Dutsen gaskiya na da sanyi, roba babu. Ɗaga shi ga rana. In ka hangi ƴan ƙananan kumfa a ciki, kwalba ce. Aƙiƙ ya fi wuƙa tauri, bakin wuƙa ba ya yi mashi zane. Amma nemi izinin mai kaya kafin ka gwada, kada a yi rigima.

A ganina, gara ka tafi wurin maƙerin da ke zaune wuri guda, a garinku ko a Wadata ta Yamai, inda masu aikin hannu suke. Ce mashi ya ɗora zoben bisa sikeli gabanka, ya faɗa maka kuɗin azurfa daban, na dutse daban, na aiki daban.