Yadda ake faɗaɗa siffa daga cibiya

Zana fangalin albasar Aliero a takardar graf, rijiya ta zama cibiya a (1,1). Wata kusurwar fangalin tana (3,2), wato taku 2 gabas, taku 1 arewa da rijiyar. In za a ninka siffar sau 3, wannan tazarar ake ninkawa: taku 6 da taku 3, kusurwar ta koma (7,4). Rijiyar ba ta motsi.

A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe, su ninka (3,2) kai tsaye, alhali hakan sai cibiyar tana (0,0). Kowane gefe ya ninku sau 3, amma fili sau 9, dashen albasa ma haka. Ɗaliban Jega da Maiyama, ku fara gano cibiya tukuna.