Sanduna Huɗu a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa garejin masu sabunta tsofaffin motoci a Amurka, inda ƙwararren mai walda kan wuni yana awo kafin ya kunna wuta.

Duk shekara dubban tsofaffin motoci na hallara a birnin Louisville na jihar Kentucky, a bikin ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, NSRA, da aka kafa a 1970. Harkar sabunta motocin ta samo asali ne daga kudancin Kalifoniya, inda tun shekarun 1930 samari ke rage wa tsohuwar Ford nauyi, su ƙara wa injinta ƙarfi, su tafi tsere a busassun tafkuna irin su Muroc. Har gobe Ford ƙirar 1932 ce sarauniyar wannan fage.

To amma injin da ta fito da shi daga kamfani ƙarfin doki 65 gare shi. Wanda ake sa mata a yau kuwa ya ninka wannan sau da dama, kuma duk ƙarfin nan a tayoyin baya yake sauka. Motocin da aksul ɗinsu ke zaune kan sifirin mai falle-falle, irin na akori-kura, su suka fi jin jiki: direba na taka totur sai aksul ya murɗe, sifirin ya lanƙwashe, taya ta kama tsalle a kan kwalta.

Maganin da makanikai suka fi so shi ne sanduna huɗu na ƙarfe, biyu a sama biyu a ƙasa, masu haɗa aksul da shasi. Su ke riƙe aksul kada ya juya, shi kuma sifirin mai naɗi da shokozoba su ɗauki nauyin mota kawai. Tsarin sandunan iri biyu ne. Akwai wanda sandunan ke tafiya a jere, shi sai an ƙara masa sanda ta biyar a gicciye, mai suna Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa, don kada aksul ya goce hagu ko dama. Akwai kuma wanda sandunan sama ke karkace, su tare gocewar da kansu. Irin wannan ne Chevrolet Chevelle ta 1964 ta zo da shi, haka ma Ford Mustang ta 1979.

Sandunan a shirye ake sayensu. Inda gizo ke saƙar shi ne kunnuwan ƙarfen da za a liƙa wa aksul da shasi, waɗanda bakin kowace sanda zai shiga a ɗaure da noti.

Bakanike zai fara ɗora shasi a kan jak-jak, a daidai tsayin da motar za ta zauna ranar da ta hau titi. Tsohon shasi buɗe yake ta gefe ɗaya, saboda haka sai an rufe shi da farantin ƙarfe kafin ya iya riƙe kunne. Daga nan sai a turo aksul, galibi samfurin Ford mai inci 9 da aka yi ta ƙerawa daga 1957 zuwa 1986. Sai bakaniken ya saki igiya mai dalma daga kusurwoyin shasi, ya ɗiga alli a daɓe, ya ja tef daga gaban dama zuwa bayan hagu, daga gaban hagu zuwa bayan dama. In awon biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya.

Sai maganar farfela. Bakin aksul da bakin giyabos dole su kasance kan karkata ɗaya, lanƙwasar gaɓoɓin farfela kuma ta tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 3. In aka kuskure, mota na ɗaukar gudu za ta kama karkarwa. Sandunan ƙasa kuwa ana so su kwanta daidai da daɓe.

Duk da haka ba a yin walda gaba ɗaya. Ɗigo-ɗigo ake fara yi, a ɗaura sanduna, a ɗaga aksul sama a sauke shi ƙasa, a ga ko wani abu na cijewa ko taya na gogar jiki. In da gyara, ɗigon walda ba ya wuyar yankewa.

Sai komai ya zauna sannan a kwance, a zare robobin bakin sanduna, a cire boris, domin zafi na lalata su. Waldar ma kaɗan-kaɗan ake yi, nan ɗan tsayi, can ɗan tsayi, a bar ƙarfe ya huce, saboda zafin da ya taru a gefe ɗaya na jan bututun aksul ya tanƙware. Shi ya sa garejin da suka san aiki ke zura miƙaƙƙiyar sanda a cikinsa bayan walda don su tabbatar bai goce ba.

Masu sauraro, duk ƙarfin inji da na birki ta waɗannan kunnuwa yake bi, kuma in ɗaya ya ɓalle a kan gudu rayuka ne a ciki. Mai niyyar irin wannan aiki ya nemi mai waldar da ya ƙware, ya kuma ba shi lokacin awo.