Ƙara wa Motar Gida Ƙarfi: Abin da Injin Turbo ke Bukata Kafin Gudu

Cikin tsoffin motocin Turai da suka shigo ƙasar Nijar daga tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, akwai da dama masu injin da ake kira turbo. Haka nan wasu motocin gazuwal na ma'aikatu, irin su Toyota Hilux, waɗanda ke ratsa yashin gundumar Mayahi da ta Tasawa. Mai irin wannan mota, tun ba saurayi ba, ba ya daɗewa sai ya ji labari wai ana iya taɓa na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke cikinta, ƙarfinta ya ƙaru, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Labarin kuwa gaskiya ne. A ƙasashen Turai ma'aikaci yakan gyara motar da yake zuwa aiki da ita, ran hutu ya kai ta filin tsere mai shinge, ya biya kuɗi, ya yi gudu son ransa, ran Litinin kuma ya koma aiki cikinta. Abin da ba a cika faɗa wa saurayin ba shi ne irin gyare-gyaren da ake yi tun kafin a kai ga ƙarin ƙarfin.

Turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a shekarar 1905. Hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa a banza, sai a sa shi ya juya wata ƙaramar fanka. Ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke ɗaya gefen sandar, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. In iska ta yi yawa, ana iya ƙona mai da yawa, ƙarfi kuma ya ƙaru. Maƙeri ya san wannan, domin aikin zugazugi ke nan. Amma wannan zugazugin yana juyawa fiye da sau 100,000 cikin minti guda, kuma a injin isansi hayaƙin da ke dukansa yakan kai zafin digiri 900. Abin da ke tsakanin sandarsa da lalacewa ɗan siririn baƙin mai ne kawai.

To, mai gyaran na'ura abin da yake yi shi ne ya umurci turbo ya ƙara matsa iska, a kuma ƙara mai. Iskar da aka matsa zafi take yi. A watan Afrilu da na Mayu, lokacin da zafin jihar Maraɗi ke wuce digiri 40, iskar tun daga waje da zafinta take shiga, saboda haka na'urar da ke sanyaya ta kafin ta isa inji ba ta iya yin aikin da take yi a Faransa ko Jamus. In zafi ya haɗu da isansi maras kyau, sai man ya riƙa fashewa a fistan ba bisa ƙa'ida ba. Direba ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, in ya ci gaba da taka mota fistan ya fashe ko ya narke. Matatar man Soraz ta Damagaram ta soma aiki a shekarar 2011, amma man kwalba na bakin hanya bai ɓace ba, kuma ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalba. Injin da bai bar yadda kamfani ya ƙera shi ba yakan jure irin wannan man. Wanda aka matsa ba ya jurewa.

Sai ƙura. Masu son gudu a Turai sukan cire akwatin matatar iska su sa wata buɗaɗɗiya, wai inji ya sha iska sosai. Wanda ya kwaikwaye su a nan, ya bi hanyar Kanambakashe ko ta Urafan cikin hunturu, ya buɗe wa yashi ƙofa ne, yashi kuma yana cin fukafukan fankar turbo kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe.

Saboda haka masu hankali cikin ma'abota wannan wasa ba da inji suke farawa ba. Da birki suke farawa. Man birki yana shan raɓa daga iska sannu a hankali: irin wanda ake kira DOT 4, yana sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. In kuwa ya tafasa, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Motoci nawa ne a garejin Tasawa aka taɓa canja musu man birki tun da suka sauka daga jirgi? Bayan wannan sai takalman birki masu jure zafi, sai tayoyi. A jikin taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wadda ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba, robarta ta bushe. Sai a wanke radiyeta, a riƙa yin juye da wuri da baƙin mai na kirki, kuma bayan doguwar tafiya a bar inji ya ɗan yi aiki a tsaye kafin a kashe shi, don kada mai ya ƙone a sandar turbo. Ƙarin ƙarfi shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan.

Mutanen Nijar sun ga misalin wannan da idonsu. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi ran 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Agadas da Yamai. Cikin motoci da babura 182 da suka tashi, 74 suka isa Dakar. Cikin waɗanda suka isa akwai wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, a ƴar ƙaramar Renault 4 da aka mayar mai jan ƙafa huɗu, suka zo na biyu a rukunin motoci. A shekarar 1982 suka ci tseren ɗungum da Renault 20, motar iyali, wadda suka sa wa injin turbo na Renault 18. Injin ƙarami ne, lita 1.6. Yawancin aikinsu a ƙafafun motar da gangar jikinta ya tafi, tare da ƙarafan da ke kare mutum in mota ta kife. Kuma motar da suka gama gyarawa ta tashi daga motar kai yara makaranta. A nan ne mai mota ɗaya tak ya kamata ya yi lissafi: sifirin mai tauri da mota mai ƙasa-ƙasa suna da amfani a shimfiɗaɗɗen fili, amma a yashin Gulbin Kaba sai ta zauna bisa cikinta, alhali ita ce za a nema da tsakar dare in naƙuda ta yi tsanani a ƙauye.

Babbar matsalar ita ce wurin gudun. Ƙasar Sanigal tana da filin tseren motoci a Sindiya, Afirka ta Kudu tana da na Kyalami tun shekarar 1961. A can akwai shinge, da alƙalai, da motar ɗaukar majinyata, kuma kowa fuska ɗaya ya nufa da hular kwano a kansa. Jihar Maraɗi ba ta da irinsa. Tana da fagen kokowa, ana kuma keɓe wa dawaki filin sukuwa, domin tun da can an san ba a sakin linzami a tsakiyar kasuwa. Kwaltar da ke jan ran mai turbo ita ce babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Maraɗi ta bi Cadawa da Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram. Hanyar nan ta kowa ce: amalanken shanu da ba shi da fitila, da garken awaki, da ƴan makaranta, da mata masu dawowa daga kasuwa.

Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya yi yaƙi da jahilci. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga amalanke ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙar nan ta wuce. Birki mai kyau bisa busasshiyar kwalta kuma yana bukatar wajen mita 75. Jimla ta haura mita 100. A gudun kilomita 60, mita 40 sun ishe shi. Ga kuma batun takardu: inshorar da ake yanka wa motar gida ba ta ɗaukar asarar tsere, kuma in jandarmomi suka auna wurin hatsari suka rubuta cewa rige-rige ake yi, shari'ar a kan direba za ta faɗa.