Yadda Ƙuruciyar Halitta Ke Tona Asalinta

Duk wanda ya tashi a Gatawa, ko a fadamun Sabon Birni da Isa, ya san talibambam bai yi kama da kwaɗo ba, alhali kuwa ɗansa ne. Haka yawancin halittun teku marasa ƙashin baya suke: daga ƙwai sai ƴar tsutsa mai iyo, daga bisani ta rikiɗe ta ɗauki siffar iyayenta. A wannan ƙuruciya ce masana suke gano dangantakar da girma ya ɓoye.

Alal misali, akwai wata halitta mai ɓawo da ke liƙewa a gindin jiragen ruwa, wadda aka daɗe ana lissafa ta cikin dangin katantanwa. A 1830 John Vaughan Thompson ya duba tsutsarta, ya tarar ƴar'uwar ƙaguwa ce. Ashe kama da wane ba ta wane. Haka kuma a 1866 Alexander Kowalevsky, mutumin Rasha, ya binciki wata halitta mai kama da jaka da ke manne a duwatsun teku. Ya ga tsutsarta tana da wutsiya irin ta talibambam, da wani zare a gadon baya, watau alamar tana da nasaba da kifi da mutum.

Katantanwar tafkunan Gobir ma tana da nata tarihin. Danginta da yawa na teku sukan fara rayuwa a matsayin tsutsa mai ɗamarar gashi, irin ta waɗansu dangin tana na teku, abin da ya nuna tushensu ɗaya. Ita ta tafki takan ƙare wannan mataki tun tana cikin ƙwai.

Wannan ilmi bai tsaya ga tarihi ba. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da hanyar da take bi a Masar. Ƙwanta yakan fita cikin fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ƴar tsutsar ta shige katantanwa ta hayayyafa. Daga nan sai waɗansu masu wutsiya mai reshe biyu su fito, su huda fatar yaro mai wanka ko manomin shinkafa. Saboda haka magani kaɗai ba ya raba gari da tsargiya, muddin ana fitsari a tafki.