Tantance Ƙarfin Azara da Itacen Rufi

Rufin soro abu ne mai nauyi, domin ƙasa ce ake ɗorawa a kan itace, ga kuma ruwan da takan sha da damina. A tsofaffin unguwannin birnin Kano, kamar na wajen Ƙofar Wambai, azara ce ke ɗauke da wannan nauyi. Ke nan lafiyar mazauna ɗaki ta rataya ne a kan zaɓen da magini ya yi tun itacen yana ƙasa.

Daga giginya ake faskare azara. Magina sun fi son namijin giginya wanda ya ƙosa, kuma ɓangaren da ke kusa da ɓawo suke nema, baƙi mai tauri, wanda gara ba ta cika ci ba. Tazarar da azara ke tsallakewa ba ta cika wuce mita 2 ba. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai a yi bakan gizo, irin wanda ake gani a Gidan Makama.

Da giginya ta yi ƙaranci, sai aka koma ga sandunan turare da na dalbejiya, waɗanda ake sa wa gini yadda suke, ba a tsaga ba. Masana aikin gini suna rarraba irin waɗannan sanduna aji-aji ta hanya biyu. Ta farko ita ce duban ido, watau a duba miƙewar sanda, da tsaga, da gurbin reshe, da hudar ƙwaro, da bushewarta, don ɗanyen itace bai kai busasshe ƙarfi ba. Ta biyu ita ce awo: a gitta sanda a kan madogara biyu, a rataya mata nauyi sananne a tsakiya, a auna lanƙwasarta. Galibi wadda ta fi ƙin lanƙwasa ita ce ta fi ƙarfi.

Kauri kuwa shi ne babban abin lura. Alal misali, in itacen iri ɗaya ne, sanda mai kaurin santimita 10 tana ɗaukar kusan ninki biyu na abin da mai santimita 8 za ta ɗauka. Saboda haka wajibi ne ma'aikacin da ke karɓar kayan ginin makaranta ko na asibiti ya auna kowace sanda, har siririn bakinta, kafin ya sa hannu a takarda. In an riga an ɗora ƙasa, to, ba sauran dubawa.